Tsoka mai ciwo da jijiyoyin da ke ciyar da ita: rusau da gini a wuri ɗaya

Likitan da ke zargin ciwon kumburin tsoka, kafin ya kai ga cinya ko kafaɗa, sau da yawa hannun majinyaci yake fara kamawa. Sai ya ɗiga ɗan mai a gindin farce, ya kara madubi mai kambama abu, ya leƙa. A wannan wuri fata ba ta da kauri, kuma jijiyoyin jini mafi ƙanƙanta suna kwance a jere, har ana iya ganinsu ba tare da an tsaga kowa ba. A hannun mai lafiya za ka gan su reras kamar haƙoran mataji, kowace ta lanƙwaso ta koma, tsawonsu kusan ɗaya, tazararsu ɗaya. A hannun mai fama da ciwon kumburin fata da tsoka da ake kira damatomayosaitis kuwa, abin ya sha bamban. Wasu sun buɗe sun zama ƙattai, wasu sun fashe sun bar ɗigon jini, wasu wuraren kuma fayau, babu ko ɗaya. Sannan a bakin inda ya zama kufai sai ka ga sababbi sun tsiro a cukurkuɗe, sun yi rassa kamar ƙaramin kurmi.

Abin da ake gani a gindin farcen nan, kusan shi ne ke gudana a cikin tsokar kanta: jiki yana rushe jijiyoyinsa da hannu ɗaya, yana gina wasu da ɗayan, a lokaci guda. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren.

Cututtukan kumburin tsoka ba cuta ɗaya ba ne. Dangi ne da suka haɗu a kan abu ɗaya, wato garkuwar jiki ta juyo ta far wa tsokar mai ita. A ƙarni na 19 likitocin Jamus suka fara bayyana su, Ernst Wagner a 1863, sai Heinrich Unverricht wanda a 1891 ya raɗa sunan damatomayosaitis, ma'ana kumburin fata da tsoka. A 1975 Bohan da Peter suka shimfiɗa ƙa'idojin gane cutar, aka daɗe ana aiki da su, har zuwa 2017 da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka suka fito da sababbi. A yau ana raba su zuwa damatomayosaitis na manya da na yara, da folimayosaitis wanda da aka ƙara bincike sai aka ga yawancin masu ɗauke da sunansa na wani gida ne daban, da mai kashe zaren tsoka kai tsaye, da wanda ke haɗawa da huhu, da kuma na masu shekaru da ake taƙaita sunansa da IBM.

Majinyaci ba ya zuwa yana cewa tsokarsa ta kumbura. Cewa yake yi tashi daga kujera ya zama aiki, sai ya dafa gwiwa. Hawa bene ya gagara. Mace ta ɗaga hannu za ta taje kai, kafin ta gama hannun ya sauko da kansa. Rauni ne a tsokokin da ke kusa da gangar jiki, ƙugu da cinya da kafaɗa da wuya, dama da hagu daidai wa daida, kuma sau da yawa ba ya tare da wani ciwo mai tsanani. Shi ya sa ake daɗewa ana cewa gajiya ce.

To me ya haɗa wannan da jijiyar jini?

Tsoka mayunwaciya ce. Idan ka yanka ta a kwance ka duba a madubin likita, za ka ga zare-zare an ɗaure su dami-dami, kowane zare kuma siraran jijiyoyi sun kewaye shi. Faɗin irin wannan jijiya bai wuce maikiromita 5 zuwa 10 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), har jajayen ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. Iskar oksijin ba ta iya ratsa nama ta yi nisa, iyakarta kamar maikiromita 100 zuwa 200 daga jijiya, saboda haka duk zaren da jijiyarsa ta mutu ya shiga uku. August Krogh ɗan ƙasar Denmak ya ci kyautar Nobel a 1920 a kan nazarin yadda siraran jijiyoyin nan ke kai wa tsoka iska gwargwadon aikinta. Tun daga lokacin aka san ƙarfin tsoka ba a zarenta kaɗai yake ba, har da yawan hanyoyin da ke kai mata abinci.

Shi kuwa kumburi, asalinsa aikin jijiya ne. Alamominsa huɗu da Celsus na Rum ya lissafa tun ƙarni na farko, wato ja da kumbura da zafi da raɗaɗi, uku na farko duk daga jijiya suke fitowa: ta buɗe, jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo. Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, ɗaya kwance gefen ɗaya kamar daɓe, ana kiranta endotiliyam. Ita ce mai gadin ƙofa. A zaman lafiya santsi gare ta, fararen ƙwayoyin jini su wuce ba su tsaya ba. Amma idan sinadaran kiran yaƙi irin su TNF da IL-1 suka taɓa ta, sai ta fito da wasu furotin masu danƙo a fuskarta, irin su ICAM-1 da VCAM-1. Farar ƙwayar jini ta zo wucewa sai ta fara mirginawa a hankali, ta tsaya, ta manne, ta kutsa ta tsakanin daɓen ta faɗa cikin nama. Babu sojan garkuwar da ke isa zaren tsoka ba tare da an buɗe masa wannan ƙofa ba. Don haka jijiya a nan ba 'yar kallo ba ce. Ana cutar da ita, kuma da ita ake haɗa baki.

A damatomayosaitis ne abin ya fi fitowa fili. Idan aka yanko ɗan guntun tsoka aka rina shi, abin da ke fara jan ido shi ne zarurrukan da ke gefen dami sun ƙanƙance sun motse, na tsakiya kuwa suna nan da ƙibarsu. Kamar gona ce da shukar bakin iyaka ta bushe, ta tsakiya tana kore. Sojojin garkuwa kuma ba a kan zaren suka fi taruwa ba, a kewayen jijiyoyi da tsakanin damuna suke cincirindo. A 1986 John Kissel da abokan aikinsa a Ohayo ta Amurka suka nuna cewa a bangon siraran jijiyoyin masu wannan cuta akwai tarin wani makami na garkuwa da ake kira C5b-9. Wannan makami furotin ne da ke haɗuwa su yi zobe, su huda ƙwayar halitta kamar an soka mata bututu. An tanade shi ne don ƙwayoyin cuta, sai ga shi a kan jijiyar mai gida. A 1990 Emslie-Smith da Andrew Engel na asibitin Mayo suka ƙara da cewa raguwar jijiyoyin tana faruwa tun da wuri, tun kafin zaren tsoka ya nuna wata babbar illa.

Daga nan aka gina bayani mai daɗin ji: makami ya huda jijiya, jijiya ta mutu, jini ya ragu, zaren da ke gefen dami, wanda ake ganin shi ne a ƙarshen layin rabo, ya rame don yunwa. Shekaru ana koyar da shi haka.

Sai dai bayanin yana da ɓaraka. Akwai cututtukan da ke toshe jini ga tsoka sosai, amma ba sa haifar da irin wannan ramewar ta gefen dami. A 2005 Steven Greenberg da tawagarsa a Boston suka duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke kunne a tsokar masu cutar, sai suka tarar waɗanda intafaron nau'i na ɗaya ke kunnawa sun yi wa sauran fintinkau. Intafaron sinadari ne da jiki ke saki idan bairos ya shigo. A nan babu bairos ɗin da aka kama, amma ƙararrawar tana ta kaɗawa ba ta tsayawa. Wani furotin da intafaron ke sa a ƙera, MxA, ana samunsa daidai a zarurrukan gefen damin nan da kuma jikin siraran jijiyoyi, har ma ya zama ɗaya daga cikin abin da masu duba nama ke rinawa don tabbatar da cutar. Akwai ma wata tsohuwar shaida da ta daɗe a gaban kowa: a madubin lantarki ana ganin wasu tarin siraran bututu a cukuikuye cikin ƙwayoyin endotiliyam na majinyatan, kuma an san intafaron ne ke haddasa irinsu.

A ganina, ɗaukar bayanan biyu a matsayin kishiyoyi ɓata lokaci ne. Intafaron yana cutar da zaren tsoka kai tsaye, yana kuma cutar da jijiya. Jijiyar da ta raunana ta rage wa zare iska, zaren da ke fama da intafaron kuma ga yunwa ta ƙaru masa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Yanzu sai ɓangaren gini, wanda shi ne ya fi ɗaure kai.

Kowace ƙwayar halitta tana da ma'aunin iska a cikinta, wani furotin mai suna HIF. Kullum ana ƙera shi, kullum kuma ana rushe shi cikin 'yan mintuna, muddin akwai oksijin. Da iska ta yi ƙaranci sai rushewar ta tsaya, ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ɗimbin ƙwayoyin gado na neman agaji. Gregg Semenza da Peter Ratcliffe da William Kaelin sun raba kyautar Nobel ta 2019 a kan gano wannan tsari. Babba daga cikin abin da HIF ke kunnawa shi ne VEGF, sinadarin da ke kiran jijiya ta tsiro. Napoleone Ferrara ne ya tace shi ya ba shi wannan suna a 1989. Amma abin lura, tun a 1983 ɗakin binciken Harold Dvorak ya gano wannan sinadari ta wata fuska daban, a matsayin mai sa jijiya yoyo. Fuska biyu, abu ɗaya. Wannan tarihin kaɗai ya isa ya nuna halinsa: inda duk ya kira sabuwar jijiya, sai ya sassauta daɓen tsohuwar.

Yadda tsiron ke faruwa abin sha'awa ne. Ƙwaya ɗaya daga cikin daɓen ta ji ƙamshin VEGF fiye da maƙwabtanta, sai ta zama jagaba. Ta narkar da bangon da ke bayanta, ta miƙa 'yan yatsu tana lalube zuwa inda sinadarin ya fi yawa. Na bayanta su riƙa rabuwa suna ƙara tsawo, su buɗe rami a tsakiya. Idan ta haɗu da wani tsiro daga can, sai su haɗe, jini ya fara gudana. Aiki bai ƙare ba tukuna. Sai wasu ƙwayoyi da ake kira ferisait sun zo sun rungume sabuwar jijiyar daga waje sun ɗaure ta, kafin ta zama abin dogaro. Jijiyar da ba ta samu wannan ɗauri ba tana yoyo, ko ta shanye ta ɓace.

A tsokar mai ciwon kumburi, kiran yana fitowa daga wuri biyu. Zaren da ke shaƙewa yana sakin VEGF don neman iska. Makrofej, wato manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye tarkace, su ma suna sakinsa, tare da wasu sinadaran da ke taya tsiro. A 2008 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka ba da rahoton cewa VEGF ya yi yawa a tsokar masu folimayosaitis da damatomayosaitis, alhali a wasu majinyatan adadin siraran jijiyoyin ya gaza na masu lafiya, har a tsokar da ba a ga taron sojojin garkuwa a cikinta ba. Wato ana ta kira, amma amsar ba ta kai ba.

Dalili kuwa, wanda ke rusau yana nan tsaye a filin ginin. Intafaron na daga cikin sanannun masu hana tsiron jijiya. An san haka sosai har a farkon shekarun 1990 aka yi amfani da shi a Boston wajen shanye wasu manyan ƙullutun jijiyoyin jini masu haɗari a jikin jarirai, a ƙarƙashin Judah Folkman, mutumin da tun 1971 ya ce ciwon daji ba ya girma sai ya jawo wa kansa jijiya. Haka kuma intafaron yana sa a saki CXCL10, sinadarin da ke aiki biyu: yana kiran ƙwayoyin garkuwa nau'in T, yana kuma danne tsiron jijiya. To ka ga ƙwayar endotiliyam ɗaya, ta wannan kunne ana ce mata tsiro, ta wancan ana ce mata kul. Abin da ke fitowa daga wannan ja-in-ja shi ne abin da likita ya gani a gindin farce: kufai a nan, kurmi a can. A cikin tsoka ma haka ne, jijiyoyin da suka tsira sukan buɗe su yi faɗi don su ɗauki nauyin waɗanda suka mutu, sababbin kuma ba su da tsari.

Nan ne ya kamata a yi hattara da saurin yanke hukunci. Mutum zai ji an ce jijiyoyi na tsirowa ya ce madalla, waraka ce. Wani ya ji an ce kumburi ne ke jawo tsiron ya ce a toshe shi. Duk biyun sun yi gaggawa. Sabuwar jijiya tana kawo iska, gaskiya ne, amma ita ma daɓenta a kunne yake da furotin masu danƙo, wato ƙarin ƙofa ce ga mayaƙa. Yoyonta kuma yana tara ruwa a nama, irin ruwan da ke haskawa a hoton MRI har likita ya san inda zai yanko samfuri. Magungunan toshe VEGF suna nan, irin su bebasizumab da aka amince da shi a Amurka a 2004 don ciwon dajin hanji, ana kuma amfani da danginsa a wasu cututtukan ido. Amma ba su cikin magungunan kumburin tsoka, kuma hankali ma zai ba ka dalili: tsokar da ke kukan ƙarancin jijiya ba a rufe mata bakin da take kuka da shi.

A yara lamarin jijiya ya fi tsanani. Damatomayosaitis na yara kusan a ce cutar jijiya ce da ta bayyana a tsoka da fata. Idan ta yi ƙamari tana iya haifar da gyambo a fata, ta taɓa jijiyoyin hanji har ya huje, kuma yaran da cutarsu ta daɗe ba a shawo kanta ba sun fi fuskantar taruwar sinadarin kalsiyam a ƙarƙashin fata, ƙullutai masu tauri kamar tsakuwa. Shi ya sa likitocin yara ke ƙirga jijiyoyin gindin farce a kowace milimita, suna bibiyar adadin duk lokacin da aka kawo yaron asibiti. Dawowar jijiyoyin alama ce mai kyau. A manya kuwa, masu ɗauke da antibodin MDA5, wato wani makamin garkuwa a jini da ya juyo kan furotin na jikin mai shi, su ne suka fi nuna illar jijiya a fata, da gyambo a kan gaɓɓan yatsu, kuma su ne huhunsu ke iya lalacewa cikin sauri ko da tsokar ba ta yi wani rauni ba.

Sauran dangin ba haka suke ba. A IBM, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, maza fiye da mata, ƙwayoyin T masu kisa ne ke kewaye zaren tsoka su kutsa cikinsa, rauni kuma ya fi bayyana a gaban cinya da tsokokin damƙe yatsu. A nau'in mai kashe zare, wanda ake dangantawa da antibodin SRP ko na HMGCR da aka bayyana a 2010, zarurruka ne ke mutuwa birjik, sojojin da ake gani kaɗan ne. Jijiya tana da hannu a waɗannan ma, tunda ta nan ake shiga, amma ba ita ce fagen daga ba.

Magani yana ƙara haska batun. Ana farawa da sitiroid, galibi firednisolon, a haɗa da masu lallashin garkuwa irin su metotireksat ko azatayofirin ko maikofenolet. Sitiroid yana kashe wutar da sauri, sai dai idan aka daɗe a kansa shi ma yana ramar da tsoka, har wani lokaci likita ya tsaya yana tantance ko cutar ce ta dawo ko maganin ne. A 1993 Marinos Dalakas ya gwada ƙarin ruwan antibodi da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, wanda ake kira IVIG, a kan masu damatomayosaitis da ya ƙi jin magani. Majinyatan suka samu ƙarfi, kuma da aka sake yanko tsokar waɗanda suka farfaɗo, sai aka ga makamin nan mai huda jijiya ya kau daga bangonta, siraran jijiyoyin kuma sun ƙaru. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'in IVIG don wannan cuta a manya. Sannan ga magungunan da ke toshe hanyar da saƙon intafaron ke bi a cikin ƙwaya, masu hana JAK irin su tofasitinib da barisitinib, waɗanda likitoci ke gwadawa a kan waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. Duk waɗannan ba wanda ke shuka jijiya da kansa. Abin da suke yi shi ne janye mai rusau, su bar magini ya yi aikinsa.

Akwai abu ɗaya da ke shuka jijiya kai tsaye, kuma shi ne aka daɗe ana hana majinyata: motsa jiki. Tsohon tunani shi ne tsoka mai kumburi a bar ta ta huta, kada a ƙara mata rauni. Daga ƙarshen shekarun 1990 bincike a Turai, musamman na Helene Alexanderson da Ingrid Lundberg a Karolinska, ya nuna motsa jiki da aka tsara daidai ƙarfin majinyaci ba ya tayar da cutar. A waɗanda suka yi makonni suna atisayen juriya, irin tuka keken motsa jiki, an ga ƙarfinsu ya ƙaru, ƙwayoyin gado na kumburi sun lafa, siraran jijiyoyi a tsoka kuma sun ƙaru.

Sinadarin dai shi ne VEGF ɗin nan, bai canza ba. Bambancin yana ga yadda ake kiransa. A tsokar da ke atisaye, ƙarancin iska na ɗan lokaci ne, ya zo ya wuce, jini kuma yana gudu da ƙarfi yana goga daɓen jijiya, wanda shi kansa saƙo ne da ke sa ta daidaita. Tsakanin atisaye da atisaye akwai hutu, ferisait su samu sukunin ɗaure abin da ya tsiro. A tsokar da cuta ke ci kuwa kiran ba ya yankewa dare da rana, ga intafaron yana sare duk abin da ya ɗago kai. Shi ya sa a asibitocin da suka ƙware kan wannan cuta ake haɗa majinyaci da likitan motsa jiki tun da wuri, a fara da kaɗan bayan magani ya fara kama jiki, ana duba ƙarfinsa da sinadarin CK a jini, wanda ke ƙaruwa idan tsoka na lalacewa, ana ƙara nauyin aikin sannu a hankali.